Awo ya ƙaru, haihuwa tana gida: abin da binciken lafiyar uwaye ke nuna wa Agye, Gazawa da Gidan Runji

A filinmu na yau za mu duba wani aiki wanda ba a cika jin amonsa ba, alhali kuwa rayukan dubban mata sun rataya gare shi, wato binciken lafiyar uwaye. Shi ne bin gida-gida da ma'aikata ke yi da takardar tambayoyi, suna tambayar mace yadda ta yi da juna biyu, ko ta je awo, inda ta haihu, wanda ya karɓi haihuwar, da abin da ya same ta cikin kwanakin jego.

Abubuwa biyu ne suka sa maganar ta taso. A watan Agusta 2024 gwamnatin Nijar ta yanke shawarar rage kuɗin magani da rabi a gidajen likita na gwamnati, ta kuma ce haihuwa a cikinsu kyauta ce. Bayan haka, a farkon 2025, gwamnatin Amurka ta tsayar da kuɗin da take zubawa cikin babban shirin nan na binciken lafiyar iyali na duniya, wanda a ƙarƙashinsa ne ƙasarmu ta yi manyan bincikenta tun 1992. Ke nan an ɗauki sabon mataki domin mata, amma ma'aunin da aka saba auna irin wannan mataki da shi ya girgiza. Wanda ya shuka hatsi bai kafa iyakar gona ba, yaya zai san damin da ya samu?

Gundumomin uku

Agye da Gazawa suna gabas da birnin Maraɗi, Gidan Runji yana yamma, kuma babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa dukkansu. Gazawa da can tana cikin gundumar Agye. A 2011 ne aka ba ta gundumar kanta, tare da Gangara, lokacin da yawan gundumomin ƙasa ya tashi daga 36 zuwa 63. Gidan Runji kuwa ya ƙunshi Tsibirin Gobir, da Cadakori, da Gidan Sori, da Saye Sabuwa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum kimanin 246,000 a Agye, 160,000 a Gazawa, 524,000 a Gidan Runji, wato sama da mutum 900,000 cikin miliyan 3 da dubu 400 na jahar Maraɗi.

Ƙasa ce ta manoman hatsi da wake da gyaɗa da aya, ƙauyuka kusa da juna, gonaki sun matse, mata suna aure da wuri, suna haihuwa da yawa. Ta wajen Gidan Runji kuma, tun 2019, dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallako iyaka suna neman mafaka saboda ƴan bindiga, mafi yawansu mata da yara. Su ma suna ɗaukar ciki, suna haihuwa, suna buƙatar ungozoma. Saboda haka duk lissafin da aka kafa bisa ƙidayar 2012 kaɗai ya zama tsohuwar riga a jikin yaron da ya girma.

Yadda ake binciken

Gidan likita yana da rajista, kuma kowane wata ana aika alƙalumansa sama, daga cibiyar lafiya da ake kira CSI zuwa gunduma, daga gunduma zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Yamai. Wannan aiki yana da amfani ƙwarai. Sai dai rajista ba ta san kowa ba sai wadda ta zo. Matar da ta haihu cikin ɗakinta da dare, ko wadda ta cika bisa amalanke kafin a iso, ba ta da layi a littafin. Bincike na gida-gida shi ne ke zuwa wurin wadda ba ta zo ba.

Ba kowace mace ake tambaya ba. Mai sayen hatsi a kasuwa ba ya zazzage buhu duka. Yakan tura hannu sama da tsakiya da ƙasa, ya ɗebo, ya duba. Haka masu bincike ke yi. Ana zaɓen ƙauyuka da unguwanni ta hanyar ƙuri'a, a rubuta dukkan gidajen da ke cikinsu, a sake zaɓen wasu gidaje da ƙuri'a, sannan a tambayi duk mace mai shekara 15 zuwa 49 da ke cikin gidan. Ƙuri'a ita ce sirrin aikin: da za a bar maigari ko ma'aikaci ya nuna gidajen da yake so, da sai a ɗebo hatsin saman buhu kaɗai.

Ta wannan hanya aka yi babban binciken da ake kira EDSN a 1992, da 1998, da 2006, da 2012. Na 1992 ya tambayi mata kimanin 6,500, na 2012 kuwa, wanda Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, wato INS, ta gudanar, ya tambayi sama da 11,000. Mata ne ke tambayar mata, da harshen da matar ke ji. Ana duba karnen awo idan akwai, ana auna tsawo da nauyi, a wasu gidajen kuma ana ɗigar da jini kaɗan daga yatsa domin a gane ƙarancin jini.

To, wadda ta rasu fa, wa zai amsa a madadinta? A nan masana suka fito da dabara a ƙarshen shekarun 1980: a tambayi mai rai labarin ƴan uwanta mata da suke ciki ɗaya. Su nawa ne? Wacece ta rasu? Tana da ciki lokacin da ta rasu, ko wajen haihuwa ne, ko cikin wata biyu bayan haihuwa? Daga amsoshin ake fitar da adadin mutuwar uwaye. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, tana lissafa mutuwar uwa tun daga ɗaukar ciki har kwana 42 bayan sauka. Duk Bahaushe zai gane wannan iyaka, domin kakanninmu ma sun ware kwana arba'in na jego, sun san mai jego ba ta fita hatsari ba sai ta yi arba'in.

Abin da alƙaluma suka nuna

Bari mu fara da abin farin ciki. A 1992, cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Nijar, 318 ba su kai shekara 5 ba. A 1998 adadin ya sauko 274, a 2006 ya zama 198, a 2012 ya zama 127. Wannan nasara ce wadda duniya ta yaba, kuma ba don bincike ba da babu mai iya rantsuwa a kanta.

Ta wajen uwaye tafiyar ba ta yi wannan sauri ba. Binciken 2006 ya samu uwaye 648 suna rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Na 2012 ya samu 535. Wani binciken INS na 2015 ya samu 520. Idan aka sauƙaƙa lissafin 2012, kusan haihuwa ɗaya ke nan cikin 190 take tafiya da ran uwa. Amma mace ba sau ɗaya take shiga wannan hatsari ba. A 2012 matsakaicin haihuwar mace a Nijar ya kai 7.6, a jahar Maraɗi kuwa 8.4. Wanda ya tara hatsarin haihuwa bakwai ko takwas zai ga kusan mace ɗaya cikin 25 ce ciki ko haihuwa zai zama ajalinta. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne a sauko ƙasa da 70 cikin 100,000 kafin 2030. Mai karatu ya auna tazarar da kansa.

Binciken 2012 ya kuma nuna cewa mata 76 bisa 100 masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kuma jahar Maraɗi ce kan gaba, da kusan 9 cikin 10. Ƴan mata 4 cikin 10 masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Kusan rabin matan ƙasa suna fama da ƙarancin jini, kuma mai ƙarancin jini ita ce zubar jini kaɗan ke kayarwa ranar haihuwa. Daga baya binciken da INS ta yi a 2021 ya samu matsakaicin haihuwa ya sauko 6.2, alamar cewa al'amura suna motsi.

Yanzu ga alƙaluman da suka fi dacewa mu tsaya a kansu. A 2006 mata 46 bisa 100 ne suka je awon ciki wurin ma'aikacin lafiya, ko da sau ɗaya. A 2012 sun kai 83 bisa 100. Dalilin bai ɓoyu ba: tun 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kusan 2,000, sannan a 2005 da 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka mai da fiɗar haihuwa da awon ciki da tsarin iyali da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Da aka kusanto da likita, aka ɗauke kuɗi, mata suka fito. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa matan ƙauye ba su son likita.

Amma haihuwa a gidan likita daga 17 bisa 100 ta tashi zuwa 30 bisa 100 kawai. Wato cikin mata 10, takwas sun je awo, uku ne suka koma haihuwa. Biyar ɗin nan da suka san hanyar likita, suka san fuskar ungozoma, suna riƙe da karne, amma ranar naƙuda suka zauna gida, su ne babbar tambayar lafiyar uwaye a ƙasarmu. Domin zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa, waɗanda su ne manyan masu kisa, yawancinsu ranar haihuwa da kwanakin da ke biye suke faɗowa, sau da yawa ba tare da sallama ba.

Me ya tsare su?

Rajista ba za ta amsa wannan ba, sai bakin matan. Wani ɓangare na amsar yana cikin dokar kanta: kyautar 2006 ba ta haɗa da haihuwa ta lafiya ba, awo kyauta ne, haihuwa da kuɗi. Kuma da aka tambayi mata a 2012 abin da ke hana su neman magani, samun kuɗi ne ya zo farko, sai nisa da abin hawa. Mafi yawan matan aure kuma sun ce maigida ne ke yanke shawara game da lafiyarsu.

Wani ɓangaren kuwa yana cikin bambancin awo da naƙuda. Awo da rana ake zuwa, ranar da aka zaɓa, mata ayari guda, a ƙafa. Naƙuda ba ta zaɓen lokaci. Tana iya zuwa tsakar dare, cikin damina, lokacin da gulbi ya kawo, shanun amalanke suna gona, maigida ya tafi cin rani ko yana bakin aiki. A 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe mai naƙuda kashi uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kowane ɗaya da maganinsa daban. Inda jinkirin na shawara ne, aikin na maza ne da surukai da malamai. Inda na hanya ne, aikin na magajin gari ne da ma'aikatar hanyoyi. Inda na cikin likita ne, aikin na ministan lafiya ne. Hukumar da ba ta san wanne ya fi yawa a yankinta ba tana iya sayen mota alhali jini ne babu a asibiti.

Akwai kuma al'ada. Ana yabon macen da ta haihu ita kaɗai ba ta yi kuka ba. Mai cikin fari kunya takan hana ta faɗa, har ciki ya tsufa ba a je awo ba. Shi ya sa a 2012 mace ɗaya ce kawai cikin uku ta yi awo huɗu, alhali tun 2016 OMS tana ba da shawarar ganawa takwas. Wadda ta makara ta rasa ƙwayoyin ƙarin jini na watannin farko, ta rasa wani kashi na maganin rigakafin masassarar cizon sauro. Wata kuma ta yi awo a garin mijinta, sannan ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, inda ungozomar wurin ba ta san ta ba.

Sai magana ta ƙarshe, mai ɗaci: tarbar da ake yi wa mace. Masanan cibiyar LASDEL ta Yamai sun daɗe suna zama cikin gidajen likita suna kallo, suna saurare. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, bisa binciken manyan birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, ya bayyana tsawa, da wulaƙanci, da fifita mai sanayya, da ƙananan kuɗin da ba su cikin doka. Ya kuma bayyana halin da ma'aikatan ke ciki na ƙarancin kayan aiki da yawan jama'a. Mace ba ta mance wadda ta daka mata tsawa tana durƙushe, kuma za ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Saboda haka binciken da ya tsaya kan tambayar "ina kika haihu?" bai gama aiki ba sai ya ƙara da "yaya aka karɓe ki, me kika biya, za ki koma?"

Inda ƙidaya ke tuntuɓe

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka rubuta da lamba gaskiya ne tsantsa. Alƙalami abin da aka gaya masa yake rubutawa. Mata da yawa ba su da takardar haihuwa, sai a kintaci shekarunsu da abin da ya faru, kamar yunwar El-Buhari ta 1984 ko ta 2005. Kunya takan hana mace ambaton ɗan fari. Jaririn da ya koma kafin suna, da ɓari, da wanda aka haifa babu rai, sau da yawa ba a sa su cikin lissafi, don ba a son tada mikin zuciya. Idan maigida ko uwar miji tana zaune kusa, amsar tsarin iyali takan sauya. Wasu kuma har yanzu suna tuna zamanin da rubuta sunan mutum yake nufin lanho, sai su rage. Wasu suna zaton rabon abinci ne, sai su ƙara.

Masu tambaya ma mutane ne. An sani a ƙasashe da yawa cewa ma'aikacin da ya gaji yakan ƙara wa yaro shekara domin ya tsallake dogayen tambayoyin da suka shafi ƙananan yara. Mu ma mun ga darasi: an yi binciken EDSN a 2017, amma da aka tantance ingancin aikin ba a amince a saki alƙalumansa ba. An kashe kuɗi, mata dubbai sun bar daka da girki sun amsa, ƙasa kuma ta yi shekaru tana dogara da alƙaluman 2012. Ƙin sakin lissafin da ba a yarda da shi ba daidai ne, gara a ce babu da a gina bisa rairayi. Amma asarar tana nuna cewa horo da sa ido su ne rabin aikin.

Matsakaici ba ya nuna ƙauye

Ga wata iyaka wadda ta shafi gundumominmu uku kai tsaye. Babban binciken ƙasa yana ba da adadi na jaha ne, ba na gunduma ba. Adadin mutuwar uwaye ma na ƙasa baki ɗaya ne, kuma labarin shekaru bakwai ɗin da suka gabaci binciken yake bayarwa. Lambar da aka rubuta wa jahar Maraɗi ta haɗa matar birni da ke kusa da cibiyar uwa da yaro, da matar makiyayi a Bermo, da matar wani ƙauyen Gangara da ke bakin iyaka. Idan mutum ɗaya ya ci tuwo malmala huɗu, ɗaya ya kwana da yunwa, matsakaici zai ce kowa ya ci biyu. Babban likitan gundumar Gazawa ba zai iya tsara aikinsa da irin wannan lamba ba.

Abin da ya ɗan cike giɓin shi ne binciken ƙungiyoyi. Alal misali, daga 2012 ƙungiyoyin Save the Children da World Vision sun gudanar da wani shiri mai suna LAHIA, da kuɗin gwamnatin Amurka, a ƙauyukan wannan yanki, kuma a 2013 an yi binciken farko na gida-gida domin a san inda aka tashi. Irin wannan bincike yana da amfani, ya fi kusa da ƙasa. Amma ƙauyukan shirin kaɗai yake dubawa, tambayoyinsa na mai ba da kuɗi ne, rahotonsa da Faransanci ko Ingilishi yake fita, kuma ranar da shiri ya naɗe tabarma bincike ya ƙare. Wani shirin ya zo da nasa tambayoyi, a sake komawa wurin matan nan. Ƙauye ɗaya a tambaye shi sau biyar, maƙwabcinsa ko sau ɗaya.

Inda tambaya ta haifi aiki

Kada a ce bincike cika takarda ne kawai. A 2007 wani bincike a jahar Damagaram ya nuna cewa ikon maza yana cikin manyan abubuwan da ke tsare mata daga likita. Daga nan aka kafa makarantar mazaje, da taimakon hukumar UNFPA, inda magidanta masu mutunci ke zama suna shawara, suna jan hankalin ƴan uwansu. Daga baya tsarin ya bazu zuwa Maraɗi da sauran jahohi.

Misali na biyu ya fi girma. Da lissafi ya tabbatar cewa zubar jini bayan haihuwa shi ne babban mai kashe uwaye, ma'aikatar lafiya ta ɗauki mataki a faɗin ƙasa daga 2014: ƙwayoyin misoprostol masu sa mahaifa ta tsuke, da ƴar robar da ake cika wa ruwa cikin mahaifa ta danne jijiyoyi, da wata rigar matsi da ke tsare jini a ƙirji da kai har a isa babban asibiti. Aka ci gaba da ƙidaya wata-wata. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna mutuwar zubar jini a gidajen likitan Nijar ta ragu da fiye da rabi. An ƙidaya, an yi aiki, an sake ƙidaya. Haka ake so.

Kuma wannan jaha tana da gadon da za ta yi alfahari da shi. Tun shekarun 1960 aka fara horar da masu agajin farko da ungozomomin gargajiya a ƙauyukan Maraɗi, mutanen da ƙauye da kansa ya zaɓa. Har littafin da OMS ta fitar a 1975 game da lafiya ta hannun jama'a ya ware babi guda domin aikin Maraɗi, shekara uku kafin babban taron Alma-Ata na 1978. Abin da iyayenmu suka yi babu wayar salula, ba zai gagare mu ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kowace gunduma ta samu ɗan bincikenta, gajere, mai tambayoyi iri ɗaya a Agye da Gazawa da Gidan Runji, ana maimaita shi a kan kari ƙarƙashin idon INS. Hanya ta riga ta samu: daga 2015 INS ta yi aiki da shirin PMA, inda mata mazauna yanki suka riƙa tambaya da wayar salula, amsa ta isa Yamai ba tare da jiran buhunan takardu ba. Ƙungiyar da ta zo aiki a roƙe ta ta ɗauki tambayoyin ƙasa, ta kuma bar alƙalumanta a hannun gunduma.

Na biyu, matakin 2024 yana buƙatar shaida daga bakin mata. Kyautar 2006 ta sha wahala saboda jinkirin biyan gidajen likita kuɗin da suka kashe, har magani ya riƙa yankewa, aka koma rubuta wa mutane takardar saye. Tambaya guda ga mai jego, "nawa gidanku ya kashe ranar haihuwa, da safar hannu da magani da kuɗin mota?", za ta nuna ko kyautar ta sauka ƙauye ko ta tsaya a takarda.

Na uku, ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. Kowane ƙauye yana iya riƙe littafi guda da Hausa, a hannun mace amintacciya mai karatu, tare da ungozoma da wakilin lafiya na ƙauye: cikin da ya bayyana, ranar sauka, inda aka sauka, lafiyar uwa da jariri ranar suna da ranar arba'in. Irin wannan bibiya, daga ciki har bayan jego, ita ce masana suka yi wa mata sama da 20,000 a birane bakwai na Afirka ta Yamma, har da Yamai, tsakanin 1994 da 1996, kuma ta nuna cewa bayan kowace mace da ta rasu akwai wasu da yawa da suka sha da ƙyar. Daga cikin irinsu ne masu yoyon fitsari ke fitowa, waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Danja, kusa da Maraɗi, tun 2012. Sharaɗi ɗaya ne: littafin amana ne, ba na hira a bakin rijiya ba.

Na huɗu, duk uwar da ta rasu a sanar da likita, ko a gida ta rasu. Sanarwar ba ƙara ba ce, kuma ba jayayya da ƙaddara ba ce. Kowa ya san rai na Allah ne. Amma wanda ya ce a dogara gare Shi, Shi ne ya ce a nemi magani. Ana zama ne a bi sawun abin da ya faru, a ga inda aka makara, domin ta gaba ta tsira. Ranar da zaman ya koma neman wanda za a hukunta, ranar ce kowa zai fara ɓoyewa.

Na biyar, a mayar wa mata da amsa. Wadda ta ba baƙuwa sa'a guda daga lokacinta, ta faɗi ƴaƴanta da suka rasu, ta miƙa yatsa aka ɗebi jini, tana bin hukuma bashi. A karanta sakamako da Hausa a gidajen rediyon karkara, a kai shi fadar sarakuna da taron majalisar ƙananan hukumomi, a tara mata a faɗa musu: ga abin da kuka ce, ga abin da za a yi, ga ranar da za mu dawo. Ƙauyen da ya ga amsarsa ta zama ungozoma ta biyu ko fitila a ɗakin haihuwa, ba sai an roƙe shi gaskiya ba a zagaye na gaba.

Daga ƙarshe, kuɗin wannan aiki ya samu layinsa cikin kasafin ƙasa da na ƙananan hukumomi. Taimakon abokai abin godiya ne, amma abin da ya faru a 2025 ya tuna mana cewa kwaɗon aro ba ya rufe ɗaki har abada. Sanin adadin uwayen da muke rasawa, da dalilin rasa su, aikin gida ne.

Ku magidanta, idan masu tambaya suka yi sallama, ku ba su wuri, ku ja gefe, ku bar mata su yi magana. Ku mata, ku faɗi abin da ya faru yadda ya faru, mai daɗi da marar daɗi. Sunanku ba ya shiga rahoto. Ku ma'aikata, ku rubuta abin da kuka ji, kada ku cika takarda a gindin itace. Allah shi sauki masu ciki lafiya, shi raya abin da aka haifa, shi ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.